Yadda Ake Tsara Kuɗin Hutu a Tsibiri Tun Kafin a Yanki Tikiti

A cikin birni, idan abincin otal ya yi maka tsada, takalmi za ka saka ka tsallaka titi ka ci a wani wuri. A ƙaramin tsibiri babu titin da za ka tsallaka. Gabanka ruwa, bayanka ruwa, kuma mai kwale-kwalen da ya kawo ka shi ne zai mayar da kai, a kan farashin da ya yanka. Duk lissafin hutun tsibiri daga nan yake farawa.

Tsadar tana da dalili, ba zalunci ba ne kawai. Yawancin abin da za ka ci ko ka sha a irin waɗannan wurare jirgin ruwa ne ya kawo shi. Wutar lantarki sau da yawa daga janareta mai shan dizal take, ruwan wanka kuma daga teku ake tace shi a cire gishiri. Har shara sai an biya an kwashe ta zuwa wani tsibiri. Duk wannan yana cikin kuɗin kwalbar ruwan da za a ajiye maka a kan tebur. Saboda haka farashin ɗakin da ka gani a intanet ƙofar shiga ce kawai, kuma aikinka shi ne ka gano jimillar gaskiya, daga fitarka gida har dawowarka, kafin ka biya ko sisi.

Mataki na farko: fara da aljihu, ba da hoto ba

Mutane da yawa suna fara zaɓar wuri ne, hoton farin yashi ya shiga ransu, sannan su koma neman kuɗin da zai kai su. Juya abin. Ka zauna ka rubuta adadin da za ka iya kashewa ba tare da ka taɓa kuɗin haya, kuɗin makarantar yara ko ajiyar rashin lafiya ba. Wannan adadin shi ne iyaka, ba a ƙetare shi. Bashi kuwa ban yarda a ci shi don hutu ba, domin kwana bakwai na jin daɗi bai kai wata bakwai na biya ba.

Daga cikin adadin, cire kashi 15 cikin ɗari ka ajiye gefe kamar babu su. Ba na tsaraba ba ne, ba na ƙarin yawo ba ne. Na ranar da teku ta yi fushi ne, aka soke jirgin fito, ka kwana ɗaya ko biyu a inda ba ka shirya ba. A tsibiri wannan ba baƙon abu ba ne.

Mataki na biyu: wane irin tsibiri, kuma wane wata

A wajen kuɗi, tsibirai kala uku ne. Akwai wanda otal ɗaya ya mamaye shi gaba ɗaya, babu kowa sai ma'aikata da baƙi. Akwai ƙaramin tsibiri mai mutanen gari, da shaguna da ƙananan masaukai. Akwai kuma babban tsibiri irin Bali ko Unguja na Zanzibar ko Mauritius, mai kasuwanni da motocin haya da gidajen abinci birjik. A na farko ba ka da zaɓi ko kaɗan, a na uku kuwa kai ne da wuƙa da nama. Wanda kuɗinsa ke da iyaka ya fi samun sauƙi inda mutanen gari suke rayuwa, don inda suke ci da sha nan ne farashi yake daidai da hankali.

Maldives misali ne mai kyau, saboda ƙasa ɗaya ce mai fuska biyu. An buɗe otal ɗin shaƙatawa na farko a can a 1972, kuma shekaru da dama baƙo ba ya kwana sai a irin waɗannan tsibiran na otal. Daga 2009 aka ba da izinin buɗe gidajen baƙi a tsibiran da jama'a ke zaune, wurare irin su Maafushi suka cika da ƙananan masaukai. Teku ɗaya ce, kifaye ɗaya ne, amma kuɗin kwana ya bambanta nesa ba kusa ba.

Sai batun wata. A Maldives rani yana kamawa ne daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin ne farashi ke hawa, daga Mayu zuwa wajen Nuwamba kuma iska da ruwan sama su yawaita, farashi ya sauka. A Zanzibar babbar damina tana zuwa tsakanin Maris da Mayu, har wasu otal-otal sukan rufe. Bali tana shan ruwa daga Nuwamba zuwa Maris, tana cika da baƙi a Yuli da Agusta. A yankin Karibiyan lokacin mahaukaciyar guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani tsakanin Agusta da Oktoba. Kusan ko'ina kuwa, makonni biyun ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu su ne mafi tsada a shekara.

Ni a ganina tsakiyar damina ba riba ba ce, ko da ɗaki ya faɗi rabi. Araha ba ta ado: ka biya tikitin jirgi cikakke, ka je ka zauna a ɗaki kana kallon ruwa yana zuba. Abin nema shi ne gefen lokaci, makonnin da cunkoso ya fara raguwa ko bai riga ya fara ba. A nan ake samun rangwame ba tare da an yi asarar rana ba. Kuma ka duba kalandar wurin. A Bali akwai ranar Nyepi, ranar shiru ta sabuwar shekararsu, wadda yawanci takan faɗo a watan Maris, ana rufe filin jirgin sama awa 24, ba a fita waje. Wanda bai sani ba ya biya kwana guda na zaman ɗaki.

Mataki na uku: lissafa hanya har bakin ƙofar ɗaki

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Tikitin jirgin sama yana kai ka babban filin jirgin ƙasar ne kawai. Daga nan zuwa gadonka akwai sauran tafiya, wani lokaci tafiyar da ta fi kwana biyu na ɗaki tsada. Ni kaina na taɓa kama ɗaki mai sauƙin kuɗi a wani tsibiri ina murna, sai bayan na biya aka aiko mini da farashin kwale-kwalen da zai ɗauko mu, kuma babu wata hanyar zuwa sai shi. Duk abin da na rage a ɗaki a nan ya tafi, har da ƙari.

A Maldives jirgi yana sauka a filin Velana kusa da Malé, babban birnin ƙasar. Daga nan akwai hanyoyi, ga uku daga cikinsu. Jirgin fito na gwamnati kuɗinsa 'yan daloli ne, amma yana tafiya a hankali, ba kullum yake zuwa kowane tsibiri ba, kuma galibi ba ya aiki ranar Juma'a. Kwale-kwale mai gudu ya ninka shi sau da yawa. Jirgin sama mai sauka a kan ruwa kuwa ɗaruruwan daloli ne ga mutum ɗaya, zuwa da dawowa, kuma da rana kawai yake tashi. Ma'ana, idan jirginka ya sauka da dare, dole ka kwana kusa da filin jirgi, kwanan da ba ya cikin lissafinka. Tikiti mai araha da ke sauka tsakar dare yana iya fin mai sauka da safe tsada idan an haɗa komai. Irin waɗannan ƙananan jirage kuma suna da tsauri a kan kaya, yawanci kilo 20 na akwati da kilo 5 na hannu, abin da ya haura sai ka biya.

A Seychelles, daga babban tsibirin Mahé zuwa tsibirin Praslin kamar awa ɗaya ne a jirgin ruwa, daga Praslin zuwa La Digue minti 15. Kowace tsallakawa da tikitinta, ga motar da za ta kai ka tashar jirgin da wadda za ta ɗauke ka a ɗaya gefen. Zanzibar ana iya sauka kai tsaye, ko a biyo ta Dar es Salaam a hau jirgin ruwa na kusan awa biyu, sannan daga Stone Town, tsohon garin da jirgin ruwan ke tsayawa, zuwa Nungwi a arewa ko Paje a gabas sai an yi fiye da awa ɗaya a mota.

Don haka ka ɗauki takarda ka rubuta kowace gaɓa a layinta: gida zuwa filin jirgi, jirgin sama, kuɗin akwati idan ba ya cikin tikiti, abinci ko kwana a wurin canjin jirgi, mota zuwa bakin ruwa, kwale-kwale, mota zuwa masauki. Sannan ka sake rubuta su a juye don dawowa. Kafin ka kama ɗaki, aika wa masaukin tambaya ɗaya a rubuce: nawa ne kuɗin ɗauko ni da mayar da ni, kuma da ƙarfe nawa jirgin ƙarshe yake tashi? Idan kwanakinka ba su wuce bakwai ba, ka zauna a tsibiri ɗaya ko biyu. Yawon tsibiri huɗu cikin mako guda kuɗin fito ne da ɗaurin kaya.

Mataki na huɗu: farashin ɗaki na gaskiya

Idan ka ga alamar ++ a gaban farashi, ana nufin ba a saka kuɗin hidima da haraji ba. A Bali, a manyan otal da gidajen abinci, wannan ƙarin yakan kai kashi 21 cikin ɗari. A Maldives ana ɗora kuɗin hidima kashi 10, sannan harajin yawon buɗe ido wanda ya koma kashi 17 daga Yulin 2025, kuma ana lissafa shi ne bayan an haɗa kuɗin hidimar. Bayan haka akwai harajin muhalli a kan kowane mutum kowane dare, wanda aka ninka daga Janairun 2025: dala 12 a manyan otal, dala 6 a ƙananan gidajen baƙi.

Mu gwada da lissafi. Ɗakin dala 100 a gidan baƙi ya zama 110 da kuɗin hidima, ya zama 128.70 da haraji, a ƙara dala 12 na mutum biyu, ya tashi 140.70. Ɗakin dala 300 a babban otal ya tashi 410.10. Ninka ƙarin da ya hau kan farashin farko sau kwana bakwai ka ga abin da zai jira ka ranar fita idan ba ka sani ba. Seychelles ma ta fara karɓar harajin muhalli na kowane dare a Agustan 2023, Zanzibar kuma tana da nata harajin kwana da ake biya a masauki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bi shafin kama ɗaki har matakin ƙarshe kafin biya, ka karanta ƙananan rubutun da ke cewa abin da za a biya a wurin. Wannan lambar ita ce za ta shiga takardarka.

Ka lura da sharaɗin fasa tafiya. Ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa ya fi araha kaɗan, amma idan bizarka ba ta fito ba tukuna, kada ka taɓa shi. Kuma ka sani cewa otal da yawa suna riƙe wani adadi a katinka ranar shiga a matsayin jingina, kuɗin ba su fita ba amma ba za ka iya kashe su ba sai an sake su, wani lokaci bayan kwanaki.

Mataki na biyar: takardu

Sharuɗɗan biza sun dogara da fasfon da kake riƙe da shi, don haka ka duba shafin hukumar shige da fice ta ƙasar, ba maganar wani da ya je da wani fasfo daban ba. Maldives tana ba masu yawon buɗe ido izinin kwana 30 kyauta a filin jirgi. Seychelles tana buƙatar a nemi izinin tafiya ta intanet kafin a taso, kuma biya ake yi. Bali ta fara karɓar rupiah 150,000, kuɗin Indonesiya, daga kowane baƙo tun 14 ga Fabrairun 2024, ban da kuɗin biza. Zanzibar kuwa daga 1 ga Oktoban 2024 ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44, ko da suna da wata. Wasu ƙasashen nan suna son fasfo mai sauran akalla wata shida, yawancinsu kuma suna son tikitin komawa, da shaidar masauki, wasu kuma da katin rigakafin shawara idan ka fito ko ka biyo ta ƙasar da cutar take. Sabunta fasfo da allura duk kuɗin tafiya ne, a rubuta su.

Mataki na shida: ci da sha

A nan tambaya ɗaya ce: akwai wani wurin cin abinci da ƙafa za ta kai ka? Idan amsar a'a ce, wato kana tsibirin otal, to ka sayi tsarin da aka haɗa abinci tun daga gida, ko cikakke ko na safe da dare, domin sayen faranti ɗaya-ɗaya a can shi ne hanya mafi saurin ƙarar da kuɗi. Amma ka karanta abin da aka haɗa. Sau da yawa ruwan kwalba, lemo, ko wasu gidajen abincin otal ɗin ba sa ciki. Kuma wanda ba ya shan giya ya yi lissafi da kyau kafin ya sayi tsarin da aka haɗa komai, don kaso mai tsoka na kuɗin na abin sha ne da ba zai taɓa ba.

Idan kuma akwai gari, ɗauki ɗaki mai karin kumallo kawai, sauran ka ci inda mutanen wurin ke ci: warung, wato ƙananan gidajen abinci, a Bali, rumfunan abincin ɗauka-ka-tafi a Seychelles, ƙananan shagunan shayi a tsibiran Maldives. Kifi, shinkafa, kwakwa da 'ya'yan itacen wurin suna da sauƙi. Naman sa, cuku da duk abin da aka shigo da shi su ne masu cizo. Iyali mai yara ya nemi masauki mai kicin. Ruwan sha kuma a ba shi layinsa, domin a zafin nan mutum yana shan lita biyu zuwa uku a rana ko fiye, kuma babbar jarka daga shago ta fi ƙananan kwalabe sauƙi.

Mataki na bakwai: yawo

Zaɓi abu biyu ko uku da su ne suka kai ka, ka sa musu kuɗi tun yanzu, sauran ranakun ka bar wa bakin teku, wanda galibi kyauta ne. Fita a kwale-kwale na haɗaka ya fi ɗaukar shata sauƙi sosai. Tabarau da bututun numfashi na kallon murjani ka sayo naka, haya kullum tana taruwa. Man kare fata daga rana ma a taho da shi, amma a duba irinsa, don Palau da Hawaii sun hana wasu nau'o'i masu cutar da murjani. Wuraren da ake karewa, irin dajin Vallée de Mai a Praslin, suna da kuɗin shiga. Mai niyyar nutso da tukunyar iska ya tuna ana so a huta akalla awa 18 bayan nutso da yawa kafin a hau jirgin sama, don haka kada ya biya na ranar ƙarshe.

Inshora da riƙon kuɗi

Ƙaramin tsibiri ba shi da babban asibiti. Idan abu ya yi tsanani, kwale-kwale ko jirgin sama ne zai fitar da mara lafiya, kuma wannan kuɗi ne da zai iya fin na hutun gaba ɗaya. Ka tabbata inshorarka ta ƙunshi kwashe mara lafiya, ka karanta abin da ta ce game da nutso da hawa babur. Yawancin kamfanonin inshora ba sa biya idan mutum ya faɗi a babur ba shi da lasisi ko hular kwano, kuma hayar babur ita ce jarabar da ta fi kama baƙi a Bali. Maganin da kake sha kullum da na korar sauro ka taho da su, zazzaɓin dengue yana nan a yawancin wuraren zafi.

Kada ka dogara da kati ɗaya. Wasu tsibiran na'urar cire kuɗi ɗaya ce, wasu babu, kuma takan ƙare. Ka ciri kuɗin ƙasar a babban gari kafin ka tsallaka, ka samu ƙananan takardu don tukuici da motar haya. Idan dala za ka riƙe, ta zama sabuwa mara yagewa, ana yawan ƙin tsofaffi. Idan na'urar biya ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasarku ko na wurin, zaɓi na wurin, ɗayan canjinsa ya fi muni. Tambayi bankinka nawa yake cira a kan sayayya a waje. Layin waya na wurin kuma ya fi yawo da layin gida sauƙi.

Haɗa lissafin

Ga misali da lambobin gwaji, na mutum biyu. Iyaka dala 4,000. Cire 600 na ajiya, saura 3,400. Jirgin sama 1,600, takardu da inshora 250, kwale-kwale da motoci 150. Saura 1,400. Raba su kwana bakwai, 200 ke nan a rana. Idan ɗaki na gaskiya 140 ne, 60 kacal ya rage wa mutum biyu na ci da sha da yawo. Bai isa ba. Yanzu zaɓi ya fito fili: ko a koma kwana biyar a samu 280 a rana, ko a nemi ɗaki mai sauƙi, ko a matsa da wata, ko a canja tsibiri. Ni na fi son rage kwana, don kwana biyar da sakin jiki ya fi bakwai ana ƙirga kwabo a gaban kowane faranti. Abin da ba a taɓawa shi ne ajiyar nan da inshora.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Raba jimillar da watannin da suka rage, dala 4,000 a wata goma 400 ne duk wata, ka riƙa tura su wani asusu daban ranar da kuɗi suka shigo. Idan kuɗin da kake samu yana yawan faɗuwa a kan dala, ka riƙa canzawa kaɗan-kaɗan kana tafiya. Biya kuma a bi shi da tsari: fasfo da biza, ɗakin da ake iya fasawa, tikitin jirgi, inshora nan take bayan tikiti, sannan kwale-kwale.

Da ka isa, raba kuɗin kashewa gida-gida bisa kwanaki, kowane dare ka rubuta abin da ya fita. A otal ɗin da ake sa hannu a ce a rubuta a ɗaki, nemi a nuna maka lissafin duk bayan kwana biyu, domin sa hannu ba ya zafi kamar ƙirga kuɗi, kuma kuskure ya fi sauƙin gyara tun yana sabo. Ranar ƙarshe ka ware mata kuɗinta daban tun farko: abincin rana bayan an fita daga ɗaki, tukuicin ma'aikata, motar filin jirgi, ƙarin kilo idan tsaraba ta yi nauyi. Idan jirginka na safe ne kuma kana tsibiri mai nisa, tsallako tun jajibiri ka kwana kusa da filin jirgi, ka kuma saka kuɗin wannan kwanan a takarda tun yau.